Ƙusa Biyu a Aljihun Kafinta

Duk wanda ya taɓa zama a tsohuwar unguwa ya san Kafinta. Wanda bai san fuskarsa ba ya san ƙofarsa. Shekara hamsin da 'yan kai yana gyaran ƙofofi da tagogin unguwar, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa jin ya yabi aikin wani ba. In ka nuna masa kujerar da wani ya haɗa, sai ya kifa ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya mayar ya ajiye, ya tambaye ka lafiyar yara. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da guntun fensir maƙale a kunne ko asibiti za shi. Ba ya faɗa, ba ya zagi, amma Allah ya yi shi da riƙo. Abin da ka yi masa shekara goma baya, in ka manta, je ka tambaye shi. Zai gaya maka ranar, ya haɗa maka da launin rigar da ke jikinka.

Sana'ar gado ce. Kakansu ne ya gina gidan dutsen nan mai hawa biyu da ke kan kwanar layin teloli, da baranda ta katako a sama, da shago a ƙasa. A shagon nan ne Kaka ya yi aiki har ya tsufa, Baba ya gada, Kafinta kuma a cikin garin katakon wurin ya yi rarrafe. Mutanen gidan ba sa rubuta suna a jikin aikinsu, suna ganin hakan ƙaranta ce. Abin da suke yi, in sun gama ƙofa, sai su buga ƙusar tagulla a can saman ƙyauren, wurin da ba mai gani sai wanda ya buɗe ƙofar ya hau tsani. Kaka ƙusa ɗaya yake bugawa, Baba biyu, Kafinta uku. Da haka in ƙofa ta sami matsala aka kira su, suke sanin hannun wa za su bi.

Kafinta yana da shekara ashirin da shida gara ta gama da babbar ƙofar gidan, wadda Kaka ya yi. A lokacin hannun Baba ya fara rawa, don haka Kafinta ya ce shi zai yi sabuwa. A shekarar an rushe wani tsohon sito a bakin kogi, ya je ya zaɓo ginshiƙansa huɗu, katakon da ya girmi Kakan ma, baƙi, mai taurin da sai da ya cinye masa zarto biyu. Wata goma sha ɗaya yana kai. Bai haɗa ta da ƙusar ƙarfe ko ɗaya ba, katako ne ya riƙe katako. Ya bi zanen Kaka na ganye da reshe sarƙe da juna, sai dai inda Kaka ya yi gaggawa shi ya tsaya. Ranar da aka kafa ta, Baba ya zo ya tura ƙyauren da ɗan yatsa ɗaya, ƙyauren da sai da maza huɗu suka ɗaga, ya tafi sumul ba ko ƙara. Baba bai ce ta yi kyau ba, ba a faɗin irin wannan a gidansu. Hannu kawai ya sa a aljihu ya miƙo masa ƙusa uku. Har yau in Kafinta zai tuna rayuwarsa, daga wannan ranar yake farawa.

Yana da ƙane guda, wanda kowa ke kira Auta, shekara goma sha biyu ke tsakaninsu. Shi aka kai makaranta, ya fito ya zama ɗan kwangila mai mota da takalmi mai sheƙi, wanda warin gam ke sa wa ciwon kai. Da Baba ya ga jiki ya ƙi, sai ya sa gidan da sunan Auta, wai shi ya san takarda, ba za a cuce su ba. Da baki kuma, a gabansu su biyu, ya ce shagon ƙasa na Yaya ne muddin yana numfashi. Auta ya ce, "Ai ko ba ka faɗa ba, Baba."

Shekara biyu maganar ta yi bayan rasuwar Baba. A ta uku matar Kafinta ta kwanta a asibiti, ya rufe shago ya tare a wurinta sati uku. Ranar da ya leƙo unguwa, ya tarar an yi wa shagon shuɗin fenti, wani mutum na jera wayoyi a cikin akwatin gilashi. Kayan aikinsa an cusa su a buhuna an kai gidan maƙwabta. Teburin aiki kuwa, da yake ya fi ƙarfin ɗakin kowa, a titi aka bar shi, ga shi damina ce. Teburin da Kaka ya haɗa, wanda hannun mutum uku ya lotsa gefensa, ya sha ruwa ya sha rana kwana tara, ya tsage daga wannan kai zuwa wancan.

Ya sami Auta a ofis. Auta ko tashi bai yi ba.

"Yaya, aikin nan naka ba ya riƙe gida. Kuma na aika a gaya maka."

"Teburin Kaka fa?"

"Haba Yaya, katako ne fa. Zan sa a kawo maka sabo."

Kafinta ya dube shi, ya dubi farar rigarsa mai ɗigon shuɗi, ya juya ya fita. Bayan wata guda matarsa ta rasu. Ya kama ɗaki a ƙarshen unguwa, ya cire ƙofar ɗakin aka shigar masa da teburin, kuma bai gyara shi ba. Aikin yini ɗaya ne a wurinsa, amma ya ƙi. A kansa yake aiki, a kansa yake cin abinci, kullum safe sai ya bi tsagar da yatsa daga farko har ƙarshe. 'Yarsa, wadda ke aikin nas, ta sha ce masa ya liƙe ta ko don kyankyasai. Sai ya ce a bar masa abinsa, tana da amfani. Amfaninta kuwa shi ne ba ya so ya huce.

Haka aka yi shekara goma sha takwas. Tsakaninsa da Auta sai gaisuwa in an haɗu a wurin rasuwa. Mutane suna cewa tsohon nan akwai haƙuri, amma rashin sani ne. Jira yake yi, ko da yake shi kansa bai san me yake jira ba. Abu ɗaya ne bai fasa ba: duk shekara kafin ruwan farko sai ya saɓi tsani, ya ɗauki gwangwanin mai, ya je ya duba ƙofar. Ya shafe ta, ya ɗiga mai a ƙarafunan da take juyawa a kansu, ya tura ta da yatsa ɗaya, ya kasa kunne. Auta ya daɗe da komawa sabuwar unguwa, ya zuba 'yan haya a gidan, kuma bai hana ba. Wa zai hana aikin kyauta?

Shekarar da Kafinta ya cika saba'in, aka wayi gari da jan fenti a bangon gidan. 'Yan haya suka ce an ba su wata uku su tashi. Auta zai rushe, ya tayar da bene hawa shida, har ya kafa hoton ginin a kan wani ƙaton allo a bakin layi, gilashi tun daga ƙasa har sama. Kafinta ya tsaya gaban hoton ya nemi inda ƙofar za ta shiga, bai gani ba. Ya aiki 'yarsa ta tambayo. Ta dawo tana kame-kame.

"Faɗi yadda ya faɗa," in ji shi.

"Baffa ya ce in kana so ka je da amalanke ka kwashe abarka. In ba haka ba, wai katafila ba ta zaɓe."

Kafinta ya gyaɗa kai kawai, ya ƙara wannan a kan na da.

A satin ne wata mata ta yi sallama a ƙofar ɗakinsa, mai tabarau, da jaka cike da takardu. Daga hukumar kula da tsoffin gine-gine take. Wata biyu ke nan tana bin unguwar gida gida, tana aune-aune, tana hawa tsani da kanta, har yara sun sa mata suna Mai Tabarau. Ta ce ta yi ta ganin ƙusoshin tagulla a saman ƙofofi, an ce shi kaɗai zai gaya mata ma'anarsu. Kafinta, da ya yi shekara da shekaru ba wanda ya tambaye shi abin da ya sani, ya saki baki ya gaya mata duka: ɗaya Kaka, biyu Baba, uku shi.

Ta rubuta, ta yi ajiyar zuciya. "To Baba, ga matsalata. Duk waɗanda na gani biyu ne ko uku. Doka ba ta kare gida sai in akwai abin da ya haura shekara ɗari a jikinsa, wanda za a nuna a ce ga shi. Gidanku an sha lafta wa bangonsa siminti, barandar ma an sake ta. Ƙofar ce kaɗai ta rage. In ta Kakanku ce, ba mai rushe gidan. Ko ƙusa mai gidan ba zai buga ba sai da izininmu, kuma dole ya riƙa gyara shi. Ya hana ni hawa, amma na samo takarda, ranar Alhamis zan duba." Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "Kai ai ka sani. Ta wa ce?"

Yatsan Kafinta na cikin tsagar tebur. Ko ƙusa ba zai buga ba. Auta, mai hoton gilashi, ya zauna da gidan da ba zai iya rushewa ba, ba mai saye a hannunsa, kuma ya yi ta liƙe rufinsa har ya mutu. Daɗin abin ya taso wa tsohon tun daga ciki, har sai da ya sunkuyar da kai don kada ta gani a fuskarsa.

"'Yata," ya ce, "ki hau ki gani da idonki, kada a ce ni na faɗa."

Ranar Talata da la'asar 'yarsa ta biyo daga wurin aiki, ta same shi yana fiƙe wasu 'yan tsinkayen katako guda biyu, baƙaƙe. Ta san guntun da ya yanko su. Ragowar ginshiƙan sito ne, shekara arba'in da huɗu yana ajiye da shi a ƙasan akwati. Labarin Mai Tabarau ya riga ya zaga unguwa, kuma ita ba yarinya ba ce. Ta ajiye jakarta ta zauna.

"Baba, Baffa ya ce ka ɗauke ta. Ka ɗauke ta mana. A kafa ta a gidana, jikokinka su taso suna cewa Kakanmu ne ya yi."

Bai ɗago ba.

"Tun ina ƙarama, duk wanda muka bi layin nan da shi sai na tsayar da shi na ce Babana ne ya yi wannan. Yanzu me zan ce?"

"Ki ce kakan Babanki."

"Ƙarya zan yi?"

"To ki yi shiru."

"Duk saboda tebur, Baba?"

"Saboda ko tashi bai yi ba," in ji shi, ya ci gaba da fiƙa.

Ranar Laraba da hantsi ya saɓi tsaninsa kamar yadda ya saba. Wata 'yar haya da ke shanya a baranda ta leƙo ta ce, "Baba, bana ka yi sammako, ai ruwa da saura." Ya ce jikinsa ne ya gaya masa yana hanya. Ya buɗe ƙyauren, ya jingina tsani, ya hau. Ga su nan a jere, ƙusa uku, sun yi kore-kore saboda daɗewa. Ya bar ta farko, wadda take daidai inda Kaka ke buga tasa, ya kama ta biyu da awartaki. Ta fito ba gardama. Ta uku ce ta ƙi, ya murɗa, ya ja, ta kafe. Ya tuna tafin hannun Baba a buɗe da ƙusoshin nan a ciki. Sai ya tuna farar riga mai ɗigon shuɗi, ya cije leɓe ya fizgo ta.

Sauran aikin hannu ne ya yi abinsa. Ya ɗiga gam, ya soka tsinkayen a ramukan, ya juya su har jijiyar katako ta bi jijiyar katako, ya yanke, ya goge. Ya kwashi ƙurar da ta taru a saman ƙyauren ya cuɗa da mai ya shafe wurin. Da ya gama, shi kansa sai da ya laluba da farce kafin ya gane inda ramukan suke. Wannan ɗan aikin na rabin awa ya kusa kamo ƙofar kanta kyau, kuma shi ma ba mai yaba masa. Ya zuba ƙusa biyun a aljihu ya sauko.

Ranar Alhamis Mai Tabarau ta hau da tocila da gilashin ƙara girma, ta daɗe a sama, ta sauko idonta ya ciko da hawaye don murna. Ƙusa ɗaya. Ta ɗan kankari katakon aka kai ɗakin gwaji, sakamako ya dawo ya ce ya haura shekara ɗari da hamsin, kuma bai yi ƙarya ba. Aka liƙa takardar dakatar da rushewa a kan jan fentin. Auta ya ce bai yarda ba, aka sa ranar zama.

A wani dogon ɗaki na hukumar aka yi zaman, mutum uku a kan tebur, fanka na juyawa a sama kamar an tilasta mata. Tsoffin unguwa suka cika bencin baya, har da tsohon telan da shagonsa ke kallon ƙofar. Auta ya zo da lauya, amma da aka zo kan ƙofar sai ya dafa kafaɗar lauyan ya miƙe da kansa. Ya yi furfura, ya yi tumbi, muryarsa kuma ta koma irin ta Baba sak.

"Ƙofar nan ba ta kai shekara hamsin ba," ya ce. "Yayana ne ya yi ta, ga shi can zaune. Ina ɗan shekara goma sha huɗu, da idona na gani. Wata goma sha ɗaya ya yi a kanta. A wurin sassaƙa ganyen ƙasa na hagu ya yanke babban yatsansa, ku ce ya nuna muku tabon. Kakanmu bai iya irin wannan aikin ba. Babanmu ma bai iya ba, kuma da bakinsa ya gaya mini a gadon asibiti. Ya ce, Auta, Yayanka ya wuce ni, ya wuce ubana, kunya ce ta hana ni gaya masa. Ni dai ban san katako ba, amma na san a garin nan ba a taɓa yin kafinta kamar Yayana ba."

Kafinta ya ji kamar an zuba masa ruwan ɗumi a baya. Shekara arba'in da huɗu yana son ya ji wannan maganar, ko daga bakin wa, kuma bai taɓa sanin Baba ya faɗe ta ba. Ga ta yau an faɗa a gaban hukuma, a gaban unguwa, daga bakin mutumin da ya fi tsana a duniya, kuma a tsaye yake faɗa. Ya san ba don Allah Auta ya faɗa ba, don bene hawa shida ne. Duk da haka maganar ta shige shi har ƙashi.

Shugaban zaman ya juyo. "Baba, ka ji abin da ƙanenka ya ce. Kai ka yi ƙofar nan?"

Hannun Kafinta na cikin aljihu, ƙusoshin suna sukar tafinsa. In ya ce e, an rubuta sunansa, a kuma kawo katafila. 'Yarsa na gefensa, ba ta dube shi ba, amma yana jin numfashinta. Ya miƙe a hankali, ya naɗe babban yatsansa a cikin sauran.

"Ranka ya daɗe, ni mai gyara ne. Mai nake shafa mata duk shekara. Ƙanena yaro ne a lokacin, gyara ya ga ina yi ya ɗauka sabuwa ce. Hannuna bai kai can ba."

Aka tambayi tsohon tela, shi da ba ya son a rushe masa inuwar shago. Sai da aka maimaita masa sau uku, wai kunne, sannan ya ce shi dai tun da ya buɗe ido yake ganin ƙofar nan a wurin. Sauran tsoffin suka gyaɗa kai a tare. Kafin azahar an sa hannu, gidan ya shiga jerin waɗanda doka ta kare.

A kan matakala Auta ya cim masa. Fuskarsa ta yi baƙi, ya riƙe ƙarfen dafawa.

"Ka ji daɗi, Yaya?"

"Na ji."

"Shekara uku ina haɗa aikin nan. Ka kashe ni."

"Haba Auta, katako ne fa," in ji Kafinta. Shekara goma sha takwas yana riƙe da wannan maganar a baki, kuma da ta fito ta yi masa daɗi yadda ya zata, har ta fi.

Auta ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ka san mutum nawa suka rage da za su tsaya a gaban jama'a su ce kai ka yi ta? Ni kaɗai ne. Kuma yau ka sa an rubuta ni maƙaryaci."

Ya fara sauka. Kafinta bai so ya tambaya ba, bakinsa ne ya riga shi.

"Maganar Baba fa? Da gaske ya faɗa?"

Auta ya juyo daga ƙasa. "Wace magana? Ai ka ce ba kai ka yi ba."

Kada wani ya ce maka tsohon bai mori ramuwarsa ba. Ya more ta sosai. Abinci ya dawo masa da ɗanɗano, har ya yi ƙiba. Kullum safe sai ya zo shagon tela ya zauna a benci, ya kalli hoton gilashin nan yana koɗewa a rana har aka zo aka cire shi. Ya ji labarin abokan aikin Auta sun janye ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka maimaita masa. Ranar da hukuma ta tilasta wa Auta gyaran rufi, ya zo ya tsaya a rana yana kallon leburori ransa a ɓace, Kafinta ya sayi shayi kofi biyu, nasa da na tela, ya gyara zama.

Daga baya hukumar ta karɓi ƙasan gidan ta mai da shi wurin ziyara. Aka ja sarƙa a gaban ƙofar, aka sa mai gadi, aka kafa allon tagulla a bango da sunan Kaka. Ɗalibai da baƙi suka fara zuwa. Mai yi musu bayani yakan nuna ganyen ƙasa na hagu ya ce irin wannan hannun ya tafi da mutanen da, na baya kwaikwayo kawai suke yi. Kafinta na jin sa daga tsallaken layi. 'Yarsa kuwa ta daina bin layin gaba ɗaya, in za ta zo wurinsa sai ta zagaya ta bayan kasuwa.

Da ruwan farko ya matso, ya saɓi tsaninsa ya ɗauki gwangwanin mai. Mai gadi ya tare shi a bakin sarƙa.

"Baba, ba a taɓawa."

"Mai zan sa mata."

"Ko mai. Sai mai takardar shaida."

Ya je ofis ya sami Mai Tabarau. Ita dai ta miƙe ta ba shi kujera, ta nuna ba ta ji daɗi ba. Ta ce doka ce, kayan tarihi ba mai taɓa su sai wanda ya yi karatun gyaransu, kuma an riga an nemi kamfanin da zai riƙa kula da ƙofar, ana jiran amincewa daga sama.

"Akwai hanya ɗaya," ta ce. "Wanda bai yi karatu ba, kwamiti na iya ba shi izini in ya nuna babban aikin sassaƙa irin wannan da ya yi da hannunsa tun daga farko. Na duba ƙofofin da ke da ƙusa uku, Baba. Masu ƙarko ne, amma duk ba su da sassaƙa. Ba ka da wani guda da ban gani ba?"

Kafinta ya dubi bango, ya dubi tabon da ke babban yatsansa.

"Babu," ya ce.

Damina ta zo ta wuce ba a sa wa ƙofar mai ba. Ta biyu ma ta zo, amincewar ba ta sauko ba. Tela ya taɓa tambayarsa ko ya yi nadama, ya ce a'a, in za a sake zai sake, kuma ba a ga alamar wasa a fuskarsa ba. Ƙusa biyun suna nan a aljihunsa, in ya canja riga sai ya canja musu wuri.

Sai dai yanzu, kullum ƙarfe takwas na safe, in mai gadi ya zo buɗe ƙofar, sai ya sa kafaɗa. Ƙyauren hagu yana tafiya yana wani dogon kuka da ake ji har ƙarshen layi. Baƙi suna son kukan, har sukan ce a rufe a sake buɗewa su ɗauka a waya, wai ka ji muryar shekara ɗari. Kafinta yana zaune a bencin tela yana ji, kuma ya san daidai inda ciwon yake. Rannan ya kasa daurewa, ya tsallaka ya tsaya a bakin sarƙa.

"Ɗana, ƙarfen ƙasa ne na hagu. Ɗigo uku kawai take nema."

Mai gadi ya ce to, Baba, zai rubuta ya kai ofis.